Kujerar Bakin Ɗakin Yis

A bakin ɗakin yis akwai wata kujera 'yar tsugunno, a gabanta kuma daɓen bulo ya lotsa wuri biyu, kowanne daidai girman dunduniyar mutum. A gidan na girma, ina tsallake wurin sau ashirin a rana, ban taɓa lura ba sai ranar da na dawo daga Hanoi da takardar digirina, tayar akwatina ta faɗa ɗayan ramin ta maƙale. Da na duƙa in cire ta sai na gane dunduniyar Goggo Mui ce ta ci bulon. Shekara arba'in da ɗoriya tana zama a nan duk ranar da ake haɗa yis, ƙofa a rufe a bayanta.

Goggo Mui yayar mahaifina ce, ƙanwar Baffa Kiem. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, da mahaifina ya tafi kudu neman aiki ya yi aure can ya zauna. Shekarunta hamsin da takwas, ba ta taɓa aure ba. Ita ke jiƙa shinkafa mai danƙo, ta turara ta, ta baza a tabarmin gora ta huce. Ita ce kuma ke ɗora kunne a jikin tulu ta ce wannan ya nuna, wancan a ƙara masa kwana biyu. Abu ɗaya ne ba ta yi a gidan giyar Khuc: ba ta shiga ɗakin nan ranar haɗi.

Yis ɗinmu dunƙule ne farare, kamar ƙwan agwagwa da aka danne da tafin hannu, na garin shinkafa da saiwoyi da ɓawon itatuwa iri goma sha bakwai. Shi ake dakawa a barbaɗa wa shinkafa ta zama giya. Uwar miji ce ke koya wa matar ɗanta yadda ake haɗa shi, bayan ta rantsar da ita a gaban teburin kakanni. 'Yar gida ba a koya mata, don wata rana za ta yi aure ta kai sirrin gidan wasu. Haka kowane gidan giya ke yi a ƙauyenmu na bakin kogin Cau. Mahaifiyata ta yi shekara biyu tana shiga, ta rasu. Matar Baffa ta shiga sau ɗaya, ta fito tana tari, ta ce ƙurar garin tana tayar mata da asma, ta koma shagonta na takin zamani. Saura Kaka Dau ita kaɗai, mai shekara tamanin da huɗu, wadda idanunta suka yi hazo, yatsunta suka kanannaɗe har tsinkayen cin abinci suna zame mata.

Kowane sabon haɗi sai an barbaɗa masa garin tsohon dunƙule mai kyau kafin ya kama. Wannan muke kira iri. A damina Goggo Mui ta zame a rijiya ta karya hannu, ta je jinya gidan ƙanwarta Goggo Ty, mai shagon taliya a ƙetaren kogi. A mako shidan da ta yi a can Kaka ta yi haɗi biyu, duka suka yi baƙi-baƙi, giyar da aka gwada da su ta yi tsami har aladu ma sai da aka sirka musu. Baffa ya ce zafin bana ne, daga baya ya ce mai sayar da saiwoyi ne ya cuce shi. Ko ma mene ne, iri mai kyau ya rage kwalba ɗaya, wata biyar da yinsa, ƙarfinsa yana raguwa kullum. Haɗi ɗaya zai iya tayarwa. Hannun Kaka kuma ba zai iya cuɗa ƙullun ba, dole wani ya shiga da ita.

A cikin wannan hali Baffa ya kira ni ofishinsa, wato teburin da ke ƙarƙashin fanka kusa da ƙofar gida.

"Malama mai digiri, aiki ya samu," in ji shi. Bana gidan ke cika shekara ɗari. Nan da mako uku za a yi bikin tunawa da rasuwar Tsoho Lam, wanda ya kafa gidan, za a gayyato dillalai da manyan ƙauye, yana so a raba musu ɗan littafin tarihi. Ya riga ya zaɓi hotuna huɗu: Tsoho Lam, ɗansa, jikansa wanda shi ne mijin Kaka, sai shi Baffa da kansa sanye da kwat.

Na so in ce masa ba tarihi na karanta ba, kimiyyar abinci ce, shekara huɗu ina kallon irin wannan yis a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Na so in tambaye shi wa zai shiga ɗaki da Kaka. Amma na kasa, kamar yadda na saba tun ina firamare. Na ce, "To, Baffa."

Littafin zuriyar gida bai taimake ni ba. Sunayen maza ne da ranakun mutuwarsu, a gefen kowanne an rubuta "matarsa, 'yar gidan wane". Sai na riƙa zama wajen Kaka da hantsi, tana taunar ganyen trau, goron tsofaffinmu, bakinta jawur, ina rubutawa. Da na tambaye ta yadda Tsoho Lam ya gano haɗin, ta yi dariya har sai da na miƙa mata gwangwanin tofar da yawu.

"Lam? Ɗan fito ne fa. Ko ruwan shayi bai iya dafawa ba."

Matarsa ce, in ji ta, Tsohuwa Sen, wadda Kaka ta tarar da ranta lokacin da aka kawo ta gidan. Sen 'yar wani gidan giya ce can saman kogi. Ranar da za a kai ta gidan miji ta ɗinke dunƙule shida a cikin lafin rigarta ta aure, haɗin kuma yana kanta, don ta daɗe tana leƙen uwarta ta kafar bango. Ubanta bai sake yi mata magana ba har ya mutu. Zamanin Faransawa ne, an hana kowa yin giya a gida, sai ta riƙa binne tukwane a cikin ciyawar bakin kogi, tana ɗaure giyar a cikinta cikin mafitsarar alade ta wuce 'yan sanda tana nishi. Shekara uku tana da ciki, in ji Kaka, ba wanda ya tambayi ina jaririn. Kuma ita Sen ɗin ce ta fi kowa tsananta ka'idar nan a gidanmu, don ta san abin da 'ya ke iya yi.

Surukar Kaka kuwa ita ta riƙe irin a shekarun yaƙi, lokacin da ba shinkafar ci balle ta giya. Da rogo ake yin giyar, amma duk wata uku sai ta rage tafi biyu daga rabon shinkafar gida ta yi ɗan haɗi, don kada iri ya mutu. Sai Kaka da kanta, a babbar ambaliyar 1971, da jingar kogi ta fashe. Ta goya kwalbar iri a bayanta da zanen goyo, ta ɗauki mahaifina yana jariri a hannu, Goggo Mui mai shekara biyar kuma ta miƙa ta cikin kwalekwalen maƙwabta. Sai bayan kwana huɗu aka gano inda suka sauke ta.

Na tambaya ko ba ta ji tsoro ba. Ta ce yaro in ya ɓata yana kuka a ji shi, iri kuwa in ya jiƙe shi ke nan. Goggo Mui tana wanke tuluna taku biyar daga inda muke. Ba ta ɗago ba, sai dai na ji burushin ya ƙara sauri.

Duk wannan na rubuta, na ba shi shafi biyu a tsakiyar littafin, da sunayen matan uku.

A mako na biyu ne na ga sikelin. Na shiga kicin na baya neman ashana, na tarar da Goggo Mui a durƙushe gaban ƙananan kwanoni, da wani ɗan sikeli irin na masu maganin gargajiya. Tana gwada hannunta ne, ta ga ko karayar ta bar mata rawa. Ta auna kirfa, ta rage ɗan ɓalli, ta sake aunawa. Kanumfari, busasshiyar citta, ɓawon lemu, saiwar nan mai zaƙi. Ba ta duba takarda. Na ƙirga kwanonin, goma sha bakwai.

Na tsaya a ƙofa har ta gaji da yin kamar ba ta gan ni ba.

"Goggo, ashe kin sani."

"Ban san komai ba. Ba wanda ya koya mini." Ta goge sikelin da gefen rigarta. "Ni dai ni ke kai buhuna bakin ƙofa, ni ke kwashe su. Ina auna su kafin su shiga, in auna su in sun fito."

Shekara goma sha ɗaya ta yi kafin ta tabbatar da duka, domin wasu saiwoyin Kaka tana ɗiba ta ɓoye don ta ɓatar da mai lura. Da idon Kaka ya fara hazo shekara shida da suka wuce, sai Goggo ta daina kai buhuna, ta riƙa kai kwanoni da abin da ake buƙata daidai, Kaka tana juyewa kawai. Ba su taɓa yin maganar ba. Da ta tafi jinya, Baffa ya kai buhuna kamar yadda aka saba a da, Kaka ta ɗiba da lalube.

Na ce to ai magana ta ƙare, ta shiga kawai ta cuɗa ƙullun, wa zai hana ta. Ta dube ni kamar na faɗi abin kunya. Ƙofar ko sakata ba ta da ita, in ji ta, da shiga take so da ƙarfi ai da ta shiga tun gashinta yana baƙi.

"Ke Tham, so nake Kakarki ta kira sunana daga ciki. Ba don in miƙo ruwan ɗumi ba."

Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa wa Baffa game da Goggo. Har na rubuta shi a littafina, jimla shida. Da na je na same shi da shafukan da na ba shi, ya riga ya ja jan biro a kan biyun tsakiya, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce so nake dillalai su karanta cewa gidan Khuc da sata aka kafa shi? Mutanen saman kogi har yau suna nan da jikokinsu, gobe su zo su ce a sa sunansu a kwalba. Labarin ambaliya yana da kyau, a bar shi, amma a rubuta cewa iyalin ne suka ceci irin.

Na karanta masa jimlolina shida, idona a kan takarda. A ta huɗu wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga, ya yi minti goma yana faɗa da mai kawo kwalabe. Da ya ajiye sai ya ce ya ji ni. Mui tana da ƙoƙari, ba wanda ya ce ba ta da shi. Amma ya riga ya warware matsalar. An kai kayan baikon Doan, ɗansa da ke aiki a Koriya, yarinyar kuma, Ngan, za ta zo biki. Tunda an karɓi kaya ai ta zama matar ɗa, washegari za ta shiga da Kaka.

Na ce Ngan a masana'antar haɗa wayoyi take aiki, ba ta taɓa turara shinkafar giya ba.

"Za ta koya. Uwarki ma da ta zo ai ba ta san komai ba." Ya miƙo hannu ya ja littafina ya juya shafuka. "Ke ma fa 'ya ce. Me da me kike ta rubutawa a nan? Kar in ji wata rana wani ɗan Hanoi mai tabarau ya buɗe gidan giya da ƙanshin namu."

Ya yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba. Ma'aunan Goggo goma sha bakwai da na rubuta suna shafi na ƙarshe, da ƙananan haruffa. Bai kai can ba.

Saura Kaka. Na same ta tana shan hantsi, na zauna ina matsa mata yatsu da man zafi, don in sami abin kallo ban da fuskarta. Na fara kewaye-kewaye, ta katse ni, ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, na ishe ta da numfashi kamar ɗan maraƙi. Na faɗa. Na ce haɗin shekara shidan nan duk na Goggo ne.

"Kin ɗauka makanta ce ta kama ni har hanci? Na san hannun wa ke cikin kwanonin nan."

"To ki kira ta, Kaka."

Ta ci gaba da tauna. Sai ta ce ranar da aka rantsar da ita, Tsohuwa Sen ce ta riƙe mata hannu a kan turaren tsinke har toka mai zafi ta zubo mata, ta nuna mini tabon a bayan hannunta, ɗan fari kamar ƙwayar shinkafa. Ta rantse ba za ta koya wa 'yar cikinta ba. Abin da Mui ta tsinta da kanta, tsakaninta da sikelinta ne, ita ba ta gani ba. Amma in ta buɗe baki ta kira ta, ta karya. Kwana nawa ya rage mata ta je ta tarar da matan nan biyu, Sen da surukarta? Da wane ido za ta dube su?

Na ce an yi ka'idar ne don kada 'ya ta yi aure ta tafi da shi, Goggo kuma shekarunta hamsin da takwas.

"Wa ya ce ta wuce? Ga Bao mai facin keke, matarsa ta mutu bara. Kullum sai ya zo sayen rabin kwalba, alhali likita ya hana shi sha."

Ta ƙyalƙyale da dariya. Na ci gaba da matsa yatsun, raina yana tafasa. Na ce Sen ɗin ma ai 'ya ce, da ba ta ɗauko ba da babu gidan nan. Kaka ta janye hannunta. Ta ce shi ya sa, ai shi ya sa. Ta ce in je in duba ko an ba kaji ruwa.

Ranar biki aka jera tebura goma sha biyu a tsakar gida. Tun asuba Goggo Mui take kan dafaffun kaji da jar shinkafa mai danƙo da miyar tohon gora. Aka kunna turare, maza suka yi gaisuwa a gaban hoton Tsoho Lam, aka buɗe tulun da aka binne shekara goma. An ajiye ɗan littafin tarihin kusa da kowane kwano, shafi takwas, hotuna huɗu. Wani dillali ya ɗora kofinsa a kan nasa.

Ngan ta zo da farar riga da takalmi mai tsini, yarinya mai fara'a, ta girme ni da shekara ɗaya. Ta same ni a bayan gida ina yanka lemun tsami, ta ɗauki wuƙa ta taya ni. Ta ce tsoro take ji, an ce mata abubuwa goma sha bakwai ne, ita ko lambar wayarta sai ta duba. Ko za a bar ta ta ɗauka a waya? Sannan ta rage murya ta ce Doan yana nema mata takardu, in an yi bikin aure bayan sabuwar shekara, kafin damina za ta bi shi. Baffa ya sani. Ya ce ba komai, duk inda ta je 'ya'yanta Khuc ne, ta riƙa zuwa hutu tana yin haɗin.

Na ajiye wuƙar. Na ce wa kaina yau zan yi magana a gaban kowa.

Bayan Baffa ya gama jawabinsa, ya ce marubuciyarmu ta tashi a gan ta. Na tashi. Aka tafa. Shafuka biyun da ya soke suna ninke a aljihuna, na sa hannu na taɓa su. Fuskoki kusan saba'in, jajaye da giya, duk suna kallona. Na hango Goggo a ƙofar kicin da tire a hannu. Na ce, "Akwai sunayen da ba su shiga littafin ba." Muryata ko tebur na biyu ba ta kai ba. Wani daga baya ya ce a ɗaga murya, wani ya ce sunansa ne, shi da ya fi kowa shan giyar gidan, aka kwashe da dariya. Na ce Sen. Na ce Dau. Kafin in kai na gaba Baffa ya dafa kafaɗata, ya ce 'yar boko ce, kunya gare ta, a ɗaga kofi. Aka ɗaga. Ya kira Ngan ta tsaya kusa da shi, ya sanar cewa gobe sirrin gidan Khuc zai shiga hannun zuriya ta biyar. Na zauna. Da na sake duba ƙofar kicin, Goggo ta koma ciki.

Washegari gari ya waye da sanyi-sanyi, ba laima a iska, irin ranar da ake so. Kaka ta yi wanka ta sa baƙar rigarta. Aka kai Ngan gaban teburin kakanni, Kaka ta riƙe hannunta a kan turare, ta faɗi kalmomin, Ngan ta maimaita. Da tokar ta zubo ta ɗan zabura ta yi murmushi. Baffa ya ɗauki hoto, ya hau babur ya tafi kai wa dillalai saƙo.

Goggo Mui ta share ɗakin yis kamar kullum. Ta shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa a kan faifan gora, ta kai garin da ta niƙa jiya bayan watsewar baƙi, ta ɗauko kwalbar iri daga saman kabad ta goge ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ta kamo hannun Kaka ta zaunar da ita. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Ta daɗe a haka. Ina tsaye a jikin ginshiƙi, ina jin motsin bakin Kaka.

Kaka ta juyo da fuskarta wajen hasken ƙofa. Leɓenta ya motsa.

"Ngan, shigo, 'yata. Mui, kawo kayan ki ja mana ƙofa."

Goggo ta tafi kicin na baya. Na zaci kwanonin za ta ɗauko, don na gan su a jere a kan tire tun jiya, an rufe su da ƙyalle. Sai ta fito da buhuna. Sawu huɗu ta yi, ta jera su a cikin ɗakin, goma sha bakwai, kowanne a cike, bakinsa a ɗaure, kamar yadda Baffa ya kai su a damina. Ta ja ƙofar a hankali har ta rufu.

Ba ta zauna a kujerar ba. Ta koma kicin, na bi ta. Ta juye kwanonin ɗaya bayan ɗaya cikin murhu, ƙanshin kirfa da kanumfari ya cika wurin har idona ya kawo ruwa. Ta wanke su ta kife. Na ce, "Goggo."

Daga ɗakin muna jin Ngan tana tambaya wanne ne wannan, Kaka tana cewa ta miƙo ta sansana. Sai muryar Kaka, ƙasa-ƙasa, tana tambayar ina kwanonin. Ngan ta ce ba kwanoni, buhuna ne.

Littafina yana hannuna, yatsana a shafi na ƙarshe. In na yage shi na tura ta ƙarƙashin ƙofa, Ngan za ta karanta, a auna, iri ya rayu, gobe Baffa ya ce hannun amarya yana da albarka. In ban tura ba, kwalba ɗaya ce, kuma na ga abin da ya fito a damina. Na dubi Goggo ko za ta ce mini wani abu. Ta dubi littafin, ta dube ni, ta wuce ɗakinta.

Ta fito da malafarta da jakar leda, irin wadda take ɗauka in za ta je wajen Goggo Ty, sai dai yau jakar ta cika har hannunta ya ƙi haɗuwa. Ta tsaya a bakin ɗakin yis, ta ciro ɗan sikelin daga aljihu, ta ɗora shi a kan kujerar, ta daidaita shi da yatsa.

"Mui," in ji Kaka daga ciki. Ta yi jim. "Mui, ruwan ɗumi."

Goggo ta ɗaura igiyar malafar a haɓarta. Ta tura kekenta ba ta hau ba, don kada sarƙar ta yi ƙara, ta ratsa tsakanin teburan jiya da ba a gama kwashewa ba, ta fita ta ƙofar gida ta hau jingar kogi, ta nufi wajen fito.